Hannu Ba Shuni

Ranar Litinin, bakwai da rabi,
mota ta ƙi tashi a Gwammaja.
Na tsai da adaidaita, na ce, "Sakatariya."
Direban ya waigo. Na gan shi, ya gan ni.

Nazifi ne, Nazifin Kurna.
Shekara huɗu muna benci ɗaya a jami'a,
yana warware lissafin da ya gagari aji,
ina kwafa ta gefe, ina cin gyaɗarsa.
Takardar da na fito da ita,
rabinta guminsa ne, Allah ya sani.

Ranar jarrabawar ɗaukar aiki
mu ɗari takwas ne, kujeru shida.
Ya zo da fayil a leda saboda ruwan sama,
na zo da 'yar takarda a aljihun gaba:
"Ɗan ƙanwata ne. A duba." Sa hannun Kawu Badamasi.
Ba a tambaye ni komai ba sai lafiyar mutan gida.
Ashe layi ɗaya ya isa ya zama tsani.

Umma ta ce, "Kar ka sa wa ranka damuwa.
Naka sai naka.
Da ubanmu ya rasu, wa ya riƙe kawun naka?
Awarwarona na sayar na biya masa makaranta.
Bashi ya biya, ba sata ya yi ba.
Ruwa ake sha, amma bai kai kaurin jini."

Ban iya musa mata ba.
Sai dai awarwaron nata ne, kujerar ta jama'a,
kuma ban san garin da ake biyan bashin gida
da hatsin rumbun wani.

Muka biyo ta Ƙofar Mata, danja ta tsai da mu.
Nan kakana ya yi rini.
Shi ma gadon karofi ya yi daga ubansa,
ba wanda ya ce an yi son kai,
don tun yana ɗan shekara tara yake tsoma hannu,
toka da baba suka cinye masa farce.
In ya miƙa hannu a masallaci
kowa ya karanta gadonsa a launi.
Ni ga nawa gadon, duba tafina:
fari tas, ba kanta, ba ɗigon shuni.

Kar a ce ba na ƙoƙari.
Ina riga masinja zuwa,
fayil ba ya kwana a teburina,
ban taɓa karɓar na goro ba.
Amma wanda ya shiga ɗaki ta taga,
ko kullum yana share shi,
sharar na mai da shi mai ɗaki?
Na auna, na sake aunawa, ya ƙi zama a mizani.

"Ya aiki?" in ji Nazifi, idonsa a titi.
Na ce, "Da godiya."
Ya ce, "Madalla. Kowa da rabonsa."
Da zagina ya yi, da na fi samun sukuni.

A bakin get na miƙa masa dubu,
na ce ya riƙe canji.
Ya ƙirgo ɗari bakwai, tsofaffi, masu laushi,
ya danƙa mini a hannu:
"Ɗari uku ne, ranka ya daɗe."
Ya ja kekensa, hayaƙi ya rufe ni.

Da la'asar Yaya Rakiya ta kira:
Mubaraƙ ya gama bautar ƙasa,
ta ji ana ɗauka a ma'aikatarmu.
Ita ta goya ni, ita ta ɗinka mini rigar firamare.
Ga biro, ga farar takarda,
ga ɗari bakwai ɗin Nazifi a aljihuna.
Har aka kira magariba
ban rubuta ba, ban yaga ba,
ina zaune, kujerar tana kallona, tana jira ta gani.